Makaɗi Ma Yana Da Fuska

Bayan sallar layyar da ta wuce, wani saurayi ya shigo shagona a Birnin Kebbi ya miƙo mini wayarsa. Ya ce yana so in fitar masa da hoton mahaifinsa babba, wanda zai sa a firam ya rataye a ɗakin tsohuwarsa. Na karɓa na duba. Hoton naɗin wani hakimi ne na shekarun baya, an sake ɗaukarsa da waya daga jikin alban. Ga hakimi a tsakiya ya sha rawani, ga 'yan majalisa, ga dogarai. Na ce, "To wanne ne baban naka?" Sai ya kai yatsa can ƙuryar hagu. Rabin fuska ne, da kafaɗa ɗaya, da bakin kotso. Sauran mutumin yana wajen hoton. Ya ce shekara arba'in da ɗoriya mahaifinsa ya yi yana kiɗa a ƙofar gidan nan, kuma dangi sun zazzage akwatuna, wannan kaɗai aka samu.

Na yi iya ƙoƙarina a kwamfuta. Ina jan hoton ya girma, fuskar tana watsewa, har ta koma ɗigo-ɗigo kamar gero a kan tabarma. Yaron ya ce in buga hakanan. Na buga masa, ban karɓi kuɗinsa ba, kuma na kwana da abin a raina, domin na san irin hannun da ya yanke mutumin nan. Ba ni na ɗauki wannan hoton ba, amma a shekara ashirin da na yi ina wannan sana'a na ɗauki irinsa ba adadi. Haka aka koya mana: ka sa ido kan mai biya. Makaɗi in ya faɗo cikin hoto, ya faɗo ne yadda doki ko lema ke faɗowa, ado ne na mai sarauta.

Abin da nake kira a yi ba wani abu ne mai tsada ba. A zaunar da makaɗanmu da mawaƙanmu da suka rage, a ɗauke su hoto na musamman, hoton da su ne abin nufi a cikinsa, a rubuta sunayensu, a ba su nasu, a adana saura inda jikoki za su iske.

Wannan tunani ya ƙara kama ni ne lokacin da na shiga bin tarihin masu ɗaukar hoton mawaƙan rok na Ingila da Amurka. Kiɗan nasu bai taɓa shiga kunnena ba, kunnen da ya tashi da taushi da kalangu. Aikin masu kyamarar ne ya tsayar da ni. A can, ɗaukar hoton mawaƙi sana'a ce mai zaman kanta, mutum kan ƙare rayuwarsa a kai, kuma ana sanin sunansa kusan yadda ake sanin na mawaƙin. Ranar 8 ga Agusta 1969, Iain Macmillan ya hau tsani a tsakiyar titin Abbey Road a Landan, ɗan sanda ya tsayar masa da motoci, ya ɗauki mutum huɗu na ƙungiyar Beatles suna tsallaka titi. Sau shida kawai ya danna, cikin minti goma ko makamancin haka. Yau sama da shekara hamsin, baƙi na zuwa daga ƙasashe su tsallaka wannan wuri a ɗauke su, har a 2010 hukumomin Ingila suka sa mashigar titin cikin wuraren tarihi da doka ta kare. Jim Marshall ya ɗauki mawaƙi Jimi Hendrix a 1967 yana durƙushe gaban gitarsa da ya cinna wa wuta a dandalin Monterey. Annie Leibovitz kuwa ta bi ƙungiyar Rolling Stones yawon wasanninsu na 1975, tana kwana inda suka kwana, tana cin abin da suka ci, har suka daina lura da kyamararta. Ita ce ta ɗauki John Lennon na ƙungiyar Beatles da matarsa a gidansu ranar 8 ga Disamba 1980. Da daren ranar aka harbe shi a ƙofar gidan. Hoton ya fito a bangon mujallar Rolling Stone a watan Janairu 1981, kuma da ta ce bari sai gobe, da babu shi.

Ba ina cewa mu kwaikwayi duk abin da suka yi ba ne. Shi kansa wancan hoto na Lennon tsirara yake a ciki, abin da ba mai hankalin da zai nemi dattijon ƙasar nan da shi, kuma da yawa daga hotunan mawaƙan rok an gina su ne a kan shaye-shaye da fitsara, domin su ake sayarwa. Mu bar musu kayansu. Abu biyu nake so mu ɗauka: sun yarda cewa fuskar mawaƙi ta cancanci a ɓata mata lokaci, kuma sun ajiye abin da suka ɗauka.

Yanzu mu juyo gida. Duk wanda ya san waƙar Hausa ya san cewa wannan yanki namu, daga Isa zuwa Yawuri, shi ne rumbunta. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ya zama sarkin taushin Sarkin Musulmi. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, Malamin Waƙa, makaɗin Sarkin Kudu Macciɗo. Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani a Yawuri. Kassu Zurmi na 'yan tauri, Gambu na Fagada, Sani Sabulu na Kanoma. A jami'o'i an yi digiri a kan baitocinsu, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi shekaru suna bin rayuwarsu da waƙoƙinsu, Allah Ya saka musu. Gidajen rediyo sun riƙe mana muryoyin. Amma ka buɗe YouTube ka nemi waƙar ɗayansu, ka dubi abin da aka manna a gaba. Sau da yawa hoto ɗaya ne dishi-dishi da kowa ke kwafa daga wurin kowa, ko hoton sarkin da aka yi wa waƙar, ko na wani doki da kwalliya. Wani lokacin ma sai ka ga an manna fuskar wani makaɗi a kan waƙar wani, mutane suna ta gardama a ƙasa, ba mai hujjar da zai kashe maganar. Mutanen da suka sa sunayen sarakuna suka wanzu, su ga yadda muka bar nasu kamannin.

Wasu za su ce ai zamanin ne, kyamara ba ta wadata ba. Ban yarda ba. A wannan zamanin ne dai aka ɗauki sarakuna da hakimai da 'yan siyasa hotuna masu kyau waɗanda har yau suke rataye a fadoji. Ɗanƙwairo ya rayu har zamanin bidiyo. Kuma a daidai waɗannan shekaru, a Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta da Malick Sidibé suna ɗaukar talakawa, tela da ɗan makaranta da mai keke, suna jera nagatif a kwalaye. Kwalayen nan ne suka kai Sidibé ga karɓar lambar Zakin Zinariya a Venis ta Italiya a 2007. Kyamara tana nan. Inda muka nufa da ita ne matsalar.

Gaskiyar da ba mu son faɗa ita ce, muna son waƙa muna raina mai ita. Attajiri zai sa kaset ɗin Narambaɗa a mota yana gyaɗa kai, hawaye na zubo masa, amma in ɗan makaɗi ya zo neman 'yarsa sai a tuna masa asalinsa. Mun ajiye makaɗi a layin maroƙa, wanda ake jefa wa kyauta daga nesa, kuma mutumin da kake jefa wa abu ba ka cika tsayawa ka dubi fuskarsa ba. Wannan rainin ne ya bi mu har cikin idon kyamara. Je ka bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Na sha tsayawa a bakin Matan Fada cikin 'yan'uwana masu hoto. Rabinmu sun juya wa kogi baya suna fuskantar rumfar manyan baƙi, rabi suna jiran a fito da giwan ruwa a ɗora a sikeli. Makaɗan da ke cikin kwalekwale suna zuga masunta, waɗanda in babu su ruwan ma ba zai yi armashi ba, sai dai su fito a bayan wani. Baƙon da ya zo daga Turai shi yakan ɗauke su da kyau, amma in ka ga hoton a intanet, abin da za a rubuta a ƙasa shi ne "wani makaɗi a Arewacin Nijeriya". Mutum da sunansa da na ubansa da garinsu ya koma "wani".

Bayan zuwan saurayin nan na ƙudura zan fara da kaina. Wani aboki ya yi mini hanya zuwa wurin wani tsohon makaɗin fada a wani ƙauye da ke gefen hanyar Argungu. Na isa da hantsi. Na tarar an riga an gaya masa mai hoto na zuwa, ya sa babbar rigarsa ta salla, ya kafa hula, ya zauna a kan kujerar roba ya sandare kamar mai jiran hoton fasfo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, mi kaka so da hoton tsoho? Ga sarakai nan, ga masu kuɗɗi." Na ce, "Baba, su suna da masu ɗaukarsu. Ni wurinka na zo." Ya yi shiru yana dubana, na ga bai gamsu ba. Sai na mayar da kyamara cikin jaka, na zauna a tabarma, muka shiga hira. Na tambaye shi wa ya koya masa kiɗa, wace waƙa ya fara yi a gaban sarki, me aka ba shi. Aka kawo fura muka sha. Sai da aka yi azahar aka dawo sannan ya aika jikansa ya ɗauko kotson daga rataye.

A nan na ga abin da shekara ashirin ban gani ba, alhali yana gabana kullum. Ya ajiye kotson a rana ya ɗan sha zafi, yana taɓa fatar da bayan yatsa yana saurare. Ya murza naken da ke tsakiyar fatar da babban yatsa, ya bi tsarkiya ɗaya bayan ɗaya yana ja. Yatsunsa na dama sun yi kanta, ƙarshensu ya baje, farcen ɗaya ya rabe biyu tun tuni. Da ya rataya, sai na lura kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, maratayi ya yi mata gurbi. Na ɗaga kyamara, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Dakata. In ɗaukata za ka yi, a kira mani abokin tafiyata. Shekara talatin shina karɓa mani. Ba ni zama ni ɗai." Aka tafi aka zo da wani tsoho mai sanda, idonsa ɗaya ya yi fari. Suka zauna a bakin zaure, inda hasken la'asar ke shigowa ta gefe ya kwanta a rabin fuska. Ban kunna filas ba. Da ya ɗauko waƙa, jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya rufe, tsohon nan mai sanda ya karɓa masa tun bai sauke numfashi ba, mutumin da na tarar a sandare kan kujera ya ɓace, wani ya zauna a wurinsa. A nan na danna.

Maganar nan tasa ta "ba ni zama ni ɗai" ta koya mini inda hanyarmu ta rabu da ta masu hoton rok. Su tauraro ɗaya suke nema, su haska shi, su duhunta kowa. Kiɗan fada kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai jagora, akwai 'yan amshi waɗanda sau da yawa su ke ƙarasa baitin da ya faro, akwai masu kiɗa, akwai sanƙira mai fayyace wa jama'a abin da aka faɗa. Ɗanƙwairo kansa ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Wanda ya ɗauki jagora shi kaɗai ya maimaita laifin da aka yi wa mahaifin saurayin nan, ya dai matsar da wuƙar ne gaba kaɗan. Hoton makaɗin Hausa na gaskiya sai an yi shi kashi-kashi: shi kaɗai, shi da jama'arsa, hannunsa a kan fata, kayan kiɗan a ajiye, da ƙofar da ya saba tsayawa. Sannan a juya bayan takarda a rubuta sunan kowa, daga dama zuwa hagu, da gari da shekara. Hoton da ba suna, bayan shekara talatin, hoton baƙo ne.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a ido. Na farko, maganar addini. Malamai sun yi saɓani a kan hoto, sun yi a kan kiɗa, kuma ni ba malami ba ne, ina girmama wanda ya zaɓi ya nisanci duka biyun. Wanda ya ce kada a ɗauke shi, ko magadansa suka ce ba su so, magana ta ƙare. Amma ina roƙon mu yi adalci. Garuruwanmu cike suke da fastocin 'yan takara tun daga sandar lantarki har bangon makaranta, kalandar sarakuna da ta malamai tana kowane shago, ba wanda ya ɗaga murya. In sai an zo kan makaɗi ne za a tuna da hukuncin hoto, to ba hoton ake ƙi ba.

Na biyu ya fi nauyi, kuma shi ya fi ci mini rai. Za a ce mutane na gudun 'yan bindiga, ƙauyuka sun tashi a Zurmi da Maradun da Maru, haka a Danko-Wasagu ta nan Kebbi, ana neman abin da za a sa a baki, kai kana zancen hoto. Wallahi na ji wannan, kuma ba na cewa a ɗebi kuɗin abincin 'yan gudun hijira a sayi kyamara. Amma ku duba su wa ke cikin waɗanda suka tashi. Makaɗin noma da babu gayyar da zai yi wa kiɗa, domin gonar ba ta shiguwa. Makaɗin maharba, makaɗin masassaƙa, tsohuwar da ke waƙar daka da ta reno. Suna raɓe a kangaye a Gusau da Anka da Zuru, wasu sun bar gangunansu a ɗakin da aka ƙone. 'Ya'yansu sun kama acaba, ba mai gadon kiɗan. Zaman lafiya zai dawo da yardar Allah, gona za ta sake nomuwa, amma tsohon da ya kai tamanin ba zai jira mu ba.

Sai masu cewa ai yanzu kowa da waya a hannu, hoto ya zama banza. Gaskiya ne ana ɗauka fiye da kowane zamani. Amma hoton waya yana mutuwa tare da wayar. Ta faɗa ruwa, ko a sace, ko memori ya cika a goge. Kuma ɗaga waya a tsakiyar taron biki daban, zama da mutum wuni guda daban.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda in ba a gyara ta ba aikin ba zai ɗore ba. A 1981 Lynn Goldsmith ta ɗauki mawaƙi Prince hoto. A 1984 wata mujalla ta biya ta dala 400 domin mai zane Andy Warhol ya yi amfani da hoton sau ɗaya, shi kuwa ya yi zane goma sha shida da shi. Da Prince ya rasu a 2016 aka sake sayar da ɗaya daga ciki a kan kusan dala 10,000, ita ba a ba ta ko sisi ba, ba a ma ambaci sunanta ba. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, kuma a 2023 alƙalai bakwai cikin tara suka ba ta gaskiya. Hoto ɗaya, bayan shekara arba'in da biyu. Mu a nan, ka ɗauki hoto ka sa a Facebook da safe, kafin azahar wani ya yanke sunanka ya sa nasa, kafin sati an buga shi a kalanda ana sayarwa a tasha. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sabunta aka sa wa hannu a 2023 ta haɗa da hoto, sai dai yawancinmu ba mu ma san da ita ba. Ni kuma zan ƙara da abin da ya wuce doka: makaɗin da aka ɗauka shi ma yana da rabo. A nemi izninsa da harshen da yake ji, a gaya masa inda hoton zai je, a ba shi nasa a hannu, in an sayar a kai masa kasonsa. Mutanen nan sun ga yadda aka yi ta buga kaset ɗinsu ana cin kuɗi ba su ga ko kwabo ba. Kada mu zo da kyamara mu sake yi musu haka.

Wa zai yi? Ba sai an jira Abuja ba. Gidan tarihi na Kanta a Argungu yana da bango, kuma wanda ya zo ganin makaman Kabawa zai so ya ga fuskokin waɗanda suka yi musu kirari. Jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau suna tura ɗalibai ƙauyuka neman waƙoƙin baka. A haɗa kowane ɗalibi da mai hoto, a sa hoton da sunaye cikin abin da za a karɓa daga gare shi. Kowace masarauta ta san makaɗanta gida-gida, sarki ɗaya in ya ce a tara su ranar kaza, an gama. Mu kuma masu shagon hoto, da muke cin abinci da bukukuwan da waɗannan mutane ke rayawa, kowannenmu ya ware wuni ɗaya a wata. Mawaƙan zamani na situdiyo ba su cikin damuwata sosai, suna da masu ɗaukarsu, ko da yake su ma zan so su rage gogar fuska a kwamfuta har ta koma kamar roba, domin jikokinsu za su so ganin mutum.

Mako biyu bayan zuwana ƙauyen nan na koma da hotuna uku a ambulan. Na tarar da Baba a bakin zauren. Ya dubi wanda suke su biyu ya yi murmushi, ya aika a kai wa abokinsa. Ya dubi na fuskarsa ya ajiye a gefe. Na ukun, wanda hannunsa ne kawai a kan fatar kotso, shi ya riƙe ya daɗe yana kallo, ya kai shi kusa da ido, ya nisantar. Can ya ce, "Wanga ai hannun tsohona na." Ya juya takardar ya miƙo mini, ya ce in fito da alƙalami. Ya faɗi sunansa na rubuta, ya faɗi na mahaifinsa, ya faɗi na kakansa da garin da ya taso da sarkin da ya yi wa kiɗa. Yana faɗa ina rubutawa har bayan hoton ya cika, na ciro wata takarda daga jaka muka ci gaba.